Daga Kufena zuwa duwatsun Kirgistan

Ɗan'uwa, in kana son taka duwatsun Tiyan Shan na ƙasar Kirgistan da ke tsakiyar Asiya, fara motsa ƙafa tun daga gida. Riƙa hawa Dutsen Kufena da jaka a baya, ka saba da takalminka kafin ka bar Zariya.

Nemi biza da wuri. Jirgi daga Abuja ta Istanbul zai sauke ka Bishkek, babban birnin ƙasar. Ka je tsakanin Yuni da Satumba, lokacin da makiyaya ke haurawa da dawaki da tumaki. Tafkin Son-Kul na fi so maka: ya haura mita 3,000 sama da teku, kuma za ka kwana a bukkar gashin tumaki, zama irin na ruga. Sanyin darensa ya fi na hunturunmu, ko a Yuli. Tafi da rigar sanyi mai kauri.

Kada ka yi gaggawar hawa. Iskar shaƙa ba ta da yawa a can sama. In kai ya fara sara ka, tsaya, in ya tsananta ka sauko.

Mafi yawan mutanen ƙasar Musulmi ne. Tuɓe takalmi a ƙofa, karɓi shayi da hannun dama. Kumis kuwa, nonon goɗiya ne da aka tsima, yana da ɗan maye, in an miƙo maka sai ka ba da haƙuri cikin ladabi.