Yadda Ake Tsara Muƙalar Sharhi a Darasin Adabin Ingilishi

Abin da ya fi kayar da ɗalibai a jarrabawar adabin Ingilishi, ta WAEC ce ko ta jami'a, shi ne sake ba da labarin littafi tun daga farko har ƙarshe, alhali mai duba takarda ya riga ya san labarin ciki da bai. Abin da yake nema shi ne ra'ayinka da hujjar da ka kafa shi a kanta.

Kafin ka ɗora alƙalami a takarda, karanta tambayar da kyau, ka amsa ta a jimla guda. A ce an tambaye ka abin da ya jawo faɗuwar Okonkwo, babban tauraron littafin Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1958. Kana iya cewa tsoron kada ya gaji halin mahaifinsa Unoka, malalacin da ya mutu da bashi a wuyansa, shi ya riƙa ingiza shi har ya halaka. Wannan jimla ita ce ƙashin bayan gabatarwa, wadda bai kamata ta wuce layi biyar ko shida ba.

Gundarin aikin yana cikin sakin layin da ke biye, kuma kowanne ya ɗauki batu ɗaya tak. Fara da batun, kawo shaida daga littafin, sannan ka warware ta, domin a nan maki yake. Bai isa ka ce Okonkwo ya sare Ikemefuna, yaron da aka ba shi riƙo, da adda ba. Nuna cewa dattijo Ezeudu ya gargaɗe shi kada ya sa hannu a kisan, tunda yaron yana kiransa uba, amma ya yi kunnen ƙashi don kada a ce masa rago. Idan za ka ɗauko kalmomin marubucin, ɗauko kaɗan, ka faɗi aikin da suka yi a wurin.

A ganina, muƙala ba ta yin ƙarfi sai ta fuskanci abin da ke ƙalubalantarta. Fashewar bindigar Okonkwo da ta kashe ɗan Ezeudu, wadda ta jawo masa gudun hijirar shekara 7 a Mbanta, garin mahaifiyarsa, tsautsayi ne, haka kuma zuwan Turawa ba tsoronsa ya kawo shi ba. Ware wa wannan sakin layi guda, ka auna nauyinsa da na ra'ayinka.

A kammalawa kada ka shigo da sabon batu. Koma kan tambayar, ka yanke hukunci a jimla biyu ko uku, sannan ka rage 'yan mintuna don duba rubutun sunayen taurari da nahawu.