Yadda Ake Ɗinka Da'irar Ƙyalle a Kan Zanen Gado

Matan da ke haɗa zanen gado da rigar matashi daga ragowar atamfa a ƙauyukan Kano da Jigawa sun san cewa ƙyalle mai kusurwa huɗu ba ya ba da wahala, amma da'ira takan fito da tudu da kwari a bakinta. Dalili shi ne yadi ba ya miƙewa sosai idan an ja shi a tsaye ko a kwance, sai a karkace, ita kuwa da'ira bakinta ya ratsa duk waɗannan ɓangarori. Saboda haka kalmasa da yatsa ba ta wadatarwa, kuma tun kafin a ɗora ƙyallen a kan zanen ake gama fitar da siffarsa, da kwali da dutsen guga.

Da farko a wanke ƙyallayen, ko daga shagon tela aka tattaro su ko daga Kantin Kwari aka yanko, domin wata atamfar tana zuba, wata kuma tana tsukewa a wankin farko. Sannan a kifa murfin gwangwani ko bakin kofi a kan kwali mai ƙarfi, irin na sabulu, a zagaye shi da fensir, a yanke a hankali. Wannan yanka ya cancanci natsuwa, domin duk ɗan ƙari da almakashi ya bari a bakin kwalin sai ya bayyana a jikin yadi. Idan an ji kaushi, a goge shi da bayan cokali. Kada a yi amfani da roba a madadin kwalin, zafin guga zai narkar da ita.

A ɗora kwalin a bayan ƙyallen, a zana da alli, a yanke yadin ya fi kwalin faɗi da kamar rabin inci ta ko'ina. A zura zare mai ƙwari a allura, a ƙulla ƙarshensa, a bi tsakiyar wannan rarar da ƙananan ɗinki masu tazara ɗaya har a dawo inda aka fara. Manyan ɗinki su ne ke haifar da kusurwoyi, domin yadin yakan taru wuri guda maimakon ya rarrabu. Daga nan a mayar da kwalin tsakiya, a ja zaren sannu a hankali har rarar ta rufo bayan kwalin, a baje tattarar da farce yadda babu inda ta cunkushe, sannan a ɗaure.

Sai a shafa ruwan sitaci kaɗan a bakin, a danna dutsen guga a kai, dannawa kawai ba tare da an ja shi ba. Mai dutsen gawayi ta shimfiɗa farin ƙyalle a sama saboda toka. A bari ya huce sarai kafin a sassauta zaren a zare kwalin, a sake ja, a sake dannawa.

Wajen ɗorawa, a ninka zanen don gano wurin da ake so, a kafe da'irar da fil huɗu. Ɗinkin hannu ya fi kyau a ganina, da zare mai launin da'irar ba na zanen ba, allura tana ɗaukar bakin kalmasar kaɗan-kaɗan. Wadda ta fi son keke ta rage tsawon ɗinkin, ta riƙa tafiya a hankali, kuma duk lokacin da za ta juya yadin ta tsaya allura tana ciki, ta ɗaga ƙafar keken da ke danne yadin ta juya kaɗan, domin jan yadi allura tana sama shi ke karkatar da layi.