Yadda ake gane shekarun ƙasa da tokar aman wuta

Ɗalibaina a nan Jos sukan zaci da zarar an samu tokar dutse mai aman wuta a cikin ramin tonon kayan tarihi, shekarun kayan tarihi sun fito. A'a. Toka shekarun kanta take faɗa. Abin da ke ƙarƙashinta ya girme ta, na samanta kuma ƙaninta ne.

Fara da share bangon ramin daga sama zuwa ƙasa har shimfiɗun ƙasar su fito fili. Auna kaurin kowace, ka ɗau hoto, ka rubuta kafin ka taɓa komai.

Sai aikin da ya fi cin lokaci: daga sama tokar ta sauka ta zauna, ko ruwa ne ya kwaso ta daga wani wuri? Wadda ta faɗo daga sama gindinta a yanke yake sarai, ƙwayoyinta masu kaifi. Wadda ruwa ya wanko a gauraye take da yashi, ƙwayoyin sun goge. A Filato wannan ba wasa ba ne, don haƙar kuza ta birkita ƙasa a wurare da yawa. Gumakan Nok ma a ramukan kuza aka fara tsintar su, cikin ƙasar da ruwa ya tara. Ni dai in na ga tsohon juji na ma'aikatan kuza, ba na ɓata ledar ɗibar samfuri.

In tokar ta zauna daidai, ɗebi daga gindi, tsakiya da sama, kowane da ledarsa da lambarsa, kana wanke cokalin tsakani.

A ɗakin gwaje-gwaje za a tace, a ware ɓarɓashin gilashin da ke ciki (narkakken dutsen da ya daskare nan take), a auna sinadaransa. Kowane aman dutse da irin haɗinsa, shi ya sa aka gane tokar dutsen Toba na Indunusiya, mai shekara kusan 74,000, a ƙasan tafkin Malawi. Shekarun kuwa da gwajin argon ake fitar da su, wato auna iskar argon da ta taru cikin ƙwayoyin tokar, tunda gwajin kabon-14, na ragowar abu mai rai, ba ya wuce shekara 50,000. Da irin wannan gwaji aka ba sawun ƙafafun magabatan ɗan Adam na Laetoli a Tanzaniya shekara miliyan 3.66.

Kada sakamako guda ya ishe ka. Wata shimfiɗar toka a Kenya da ake kira KBS an fara ba ta shekara miliyan 2.6, daga baya ta dawo kusan miliyan 1.9, saboda tsofaffin ƙwayoyi sun shiga samfurin. Wajen Panyam da Kerang a nan Filato, baƙin dutsen da aman wuta ya bari ya fi toka yawa. Shi ma yana gwaduwa, amma fasa shi ka ɗauki cikin da ruwan sama bai ci ba.