Karatun jiragen sama ba tuƙi kaɗai ba ne: kurakuran da ke zaunar da ƙannenmu a fada

Ƙannena, abu ɗaya ake ta maimaitawa har ya ishe ni. Yaro ya gama karatun sufurin jiragen sama, a waje ko nan gida, ya dawo Yamai da difloma, sai ya zauna a fada yana dafa shayi yana jiran wanda zai biya masa kuɗin koyon tuƙin jirgi. Shekara biyu ta wuce, uku ta wuce. Alhali duk jirgin da ya tashi daga filin Diori Hamani, matuƙa biyu ne a gabansa, amma waɗanda suka sa ya tashi sun fi su yawa nesa ba kusa ba: mai ba shi izini daga hasumiya, mai hasashen yanayi, mai lissafin nauyi, makaniken da ya sa hannu, mai gyaran na'urorin sauka, ƴan kwana-kwana. Kuma makarantar da ke horar da wasu daga cikin waɗannan, wato EAMAC ta ASECNA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasashen Afirka da dama, a cikin garin nan take tun 1963. Daga Kamaru da Madagaska ake zuwa karatu a cikinta, ɗan Yamai kuwa yana wucewa ta ƙofarta a kan babur bai taɓa tambayar yaushe ake konkur, wato jarrabawar shiga, ba.

Babban kuskuren, wanda ya fi ɓata mini rai, shi ne ɗaukar difloma a matsayin lasisi. Ba ɗaya ba ne. Difloma shaidar ka yi karatu ce. Lasisi izinin taɓa aikin ne, kuma hukumar jiragen sama ta ƙasa, ANAC, ce ke bayar da shi bisa ƙa'idojin hukumar jiragen sama ta duniya, OACI. Ko digiri nawa ka tara, ba za a ba ka lasisin riƙe makirufo a hasumiya ba sai ka kai shekara 21, ka yi horon da aka amince da shi, sannan ka yi aƙalla wata 3 kana aiki da jirage na gaske a ƙarƙashin wani gwani. Bayan lasisin ma akwai cancantar kujerar da za ka zauna: ta hasumiya aƙalla awa 90 ko wata ɗaya, ta kula da jirage masu kusantowa ko masu ratsa sararin ƙasa awa 180 ko wata 3. Mai tsara tafiyar jirgi daga ƙasa shi ma shekara 21, da kwana 90 na aiki a ƙarƙashin kulawa cikin wata 6 kafin ya nemi lasisi. Makanike kuwa shekara 4 yana aiki da hannunsa, ko 2 idan ya fito daga makarantar da aka amince da ita.

To don me za ka biya kuɗi mai yawa a makarantar da ba ka tambaya ko hukuma ta san da ita ba? Iyaye su sayar da fili ko garke, ka dawo da takarda mai hatimin zinariya wadda ba ta buɗe ko ƙofar gareji. Ni dai shawarata kullum ɗaya ce: kafin ka biya ko dala, ka taka da ƙafarka zuwa ANAC, ka ambaci sunan makarantar da sunan horon, ka tambaya ko zai kai ka ga lasisi. In ka riga ka yi karatun, ka zaɓi ƙofa guda, ka bi takardarta har ƙarshe. Mai rubuta «kowane aiki a filin jirgi» a takardar neman aiki ya gaya wa mai karantawa cewa bai san filin jirgi ba.

Na biyu, Ingilishi. Mu da muka tashi da Faransanci muna raina wannan sai ranar jarrabawa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Mai magana da matuƙa ta rediyo dole ya kai mataki na 4 cikin 6. Abubuwa shida ake aunawa: furuci, ginin jimla, yawan kalmomi, sakin baki, fahimta, da iya musayar magana. Mafi ƙanƙantar makinka shi ne sakamakonka. Ka ci 5 a biyar, ka samu 3 a fahimta, ka faɗi. Haddar jimlolin rediyo da aka saba da su ba ta isa, domin ana gwada ka ne a kan abin da ba ya cikin littafi: fasinja ta fara naƙuda, tsuntsu ya shiga inji, taya ta ƙi fitowa. Kuma matuƙin Habasha da na Turkiyya da na Maroko kowa da irin karin harshensa. Mataki na 4 ana sake gwada shi bayan shekara 3, na 5 bayan 6. Abin da nake sa yara su yi: minti 30 kowace rana suna sauraron maganar hasumiya a intanet, su rubuta abin da suka ji, sannan su naɗi muryarsu a waya suna bayyana matsalar da bakinsu. Wanda ke jin kunyar jin muryarsa ya nemi wani reshen tun yanzu.

Duba lafiya ma haka. Aikin hasumiya yana buƙatar shaidar lafiya aji na 3, kuma ana gwada ji da gani da bambance launi. Akwai samari da yawa da ba su san ba sa rarrabe ja da kore sosai ba sai an buɗe musu littafin ɗige-ɗigen Ishihara. Je wurin likitan ido tun kafin ka yi shekara kana shirin konkur.

Sai raini. Kuna raina meteyo, wato aikin hasashen yanayi, alhali a garin da hazo kan rufe gari a lokacin hunturu, kuma hadarin damina ke tasowa da ƙura cikin ɗan lokaci, wanda ke rubuta METAR da TAF, wato rahoton yanayin filin jirgi da hasashensa, shi ake saurare. Kuskuren hektofaskal ɗaya a ma'aunin iska kusan ƙafa 30 ne a tsayin da matuƙi ke gani. Mai wannan ilimi ba filin jirgi kaɗai ke nemansa ba, ga cibiyoyin nazarin yanayi AGRHYMET da ACMAD duk a Yamai. Kuna raina lissafin nauyi kuna cewa aikin ƴan dako ne. A watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, iska ta yi sirara, nauyin da jirgi zai iya tashi da shi ya ragu, wani ne zai zauna ya ce kaya kaza za su kwana. A tambayar ɗaukar aiki nan ake kama ku: lita 10,000 ta man jirgi kusan kilo 8,000 ce, ba 10,000 ba. Ƙarfe 12:00 a agogon UTC, agogon duniya da jirage ke aiki da shi, ƙarfe ɗaya na rana ne a Nijar. Wanda ya yi tuntuɓe a waɗannan biyu, an gama da shi.

Kuna ƙin a tura ku Agadas ko Damagaram ko Tawa. A ƙaramin fili ne mutum ɗaya ke taɓa aiki huɗu, ya koyi cikin shekara abin da zai ɗauke shi uku a babban birni. Kuna ƙin aikin wucin gadi na jigilar alhazai, wanda shi ne lokacin da ake ganin wanda ya iya aiki cikin cunkoso da rashin barci.

Ƙananan kuma ga su. Takardar horon kaya masu haɗari wata 24 take yi, kada ka miƙa wadda ta mutu. Takardar kotu ta shaidar rashin laifi wata 3 ce, kada ka ciro ta tun kafin a fitar da sanarwa. Kowane reshe na konkur da iyakar shekarunsa da irin takardar da yake karɓa, karanta sanarwar da kanka, ban da ji-ta-ji-ta a WhatsApp. Mai son aikin tikiti ya koyi Amadeus, manhajar yanka tikitin jirgi, da hannunsa. Kuma ka ɗauko takardar haihuwa da ta ɗan ƙasa da ta bak da difloma ka jera su a tabarma ka duba: in ɗaya ta ce Mahamadou wata ta ce Mohamed, ko ranar haihuwa ta saɓa, je ka gyara tun yau, domin gyaran yakan ci watanni, kuma ranar rufe karɓar dosiye ba ta jiran kowa.