Zaunar da ɗalibi a kujerar mai yanke shawara: yadda ake shirya wasan kwaikwayo a ajin tarihi

Babban abin da ke hana ɗalibi fahimtar mutanen da shi ne ya riga ya san ƙarshen labari. Da ya ji cewa shekara 20 bayan Yarjejeniyar Versailles ta 1919, wadda aka ƙulla da Jamus bayan yaƙin duniya na farko, wani yaƙin ya sake ɓarkewa, sai ya yanke hukunci cewa waɗanda suka sa mata hannu wawaye ne ko mugaye. Aikin wasan kwaikwayo a aji shi ne ya ɓoye masa wannan ƙarshen na ɗan lokaci, ya zaunar da shi inda mutumin wancan zamani ya zauna, da iya abin da ya sani da irin matsin da ke kansa, sannan a ce masa ya yanke shawara. In wasan bai kai ga haka ba, nishaɗi aka yi, darasin kuwa yana nan ba a taɓa shi ba.

Saboda haka tun wajen zaɓen maudu'i ake gyarawa ko ɓatawa. A nemi lokacin da mutane suka zauna kan wata shawara, akwai ɓangarori uku zuwa shida da buƙatunsu ke cin karo, kuma da gaske lamarin na iya karkata wani gefen. Taron Vienna na 1814 zuwa 1815 ya dace. Haka ma kwanaki 13 na rikicin makamai masu linzami a Kyuba, a Oktoban 1962. Karawa a fagen fama ba ta dace ba, domin yara za su yi ta ihu da faɗuwa ƙasa, ba wanda zai yi tunani.

Misali daga farko zuwa ƙarshe: taron sulhu na Faris, 1919

A ɗauka aji ne na ɗalibai 40, da darasi biyu na minti 40 kowanne. A kasa 30 gida biyar, shida shida: Faransa, Birtaniya, Amurka, Italiya da Japan. Sauran goman su ne gishirin wasan. Huɗu su zama Jamus, a ajiye su can ƙarshen aji, domin ba a gayyaci Jamusawa tattaunawar ba. Uku su zama wakilan Sin, waɗanda aka saurari ƙorafinsu amma ba sa cikin masu yanke hukunci. Uku kuma su wakilci taron 'yan Afirka da W.E.B. Du Bois ya shirya a Faris a Fabrairun 1919, wanda Blaise Diagne na Senegal ya shugabanta. Ɗalibin da ya yi minti 40 yana kallon wasu na yanke hukunci a kan makomarsa ba zai buƙaci dogon bayani kan fushin da yarjejeniyar ta haifar ba.

Kowane ɗan tawaga ya san aikinsa tun kafin a fara: ɗaya mai magana, ɗaya magatakarda, ɗaya mai riƙe taswira, biyu 'yan aike da ke zuwa teburan wasu neman daidaito, na shida kuma mai tsaron kati, wanda zai tsayar da 'yan uwansa duk sa'ad da suka yarda da abin da katinsu ya hana. Tawagar da ba a raba wa aiki ba, mutum biyu ne za su yi magana, huɗu su zuba ido.

Kati shi ne ƙashin bayan komai, kuma nan ne ya kamata malami ya kashe mafi yawan lokacinsa. Kada ya wuce kalmomi 150. Ya faɗi abu huɗu: ko kai wane ne, me ka sani zuwa yau, me kake nema bisa jerin muhimmanci, da abin da in ka yarda da shi mutanen gida ba za su yafe maka ba. Katin Clemenceau, firaministan Faransa, zai ce Jamus ta shiga ƙasarka sau biyu a rayuwarka, a 1870 da 1914. Sojojinka sama da miliyan 1.3 sun mutu. Arewa maso gabashin ƙasar ya zama kufai. Kana son a dawo da Alsace-Lorraine, a biya diyya, a nisanta sojan Jamus daga kogin Rhine. Na Lloyd George, firaministan Birtaniya, ya fi daɗin wasa, domin kansa a rabe yake: ya ci zaɓen Disambar 1918 jama'a na kiran a sa Jamus ta biya, alhali yana son Jamus ta farfaɗo ta ci gaba da sayen kayan Birtaniya. Wilson, shugaban Amurka, yana da manufofinsa 14 na Janairun 1918 da burin kafa ƙungiyar ƙasashen duniya, amma majalisar dattawan ƙasarsa ta koma hannun 'yan adawa. Orlando na Italiya yana riƙe da alkawuran da aka yi wa ƙasarsa a Landan a 1915, yana kuma neman birnin Fiume da ba ya cikinsu. Japan na son yankin Shandong na ƙasar Sin, da sakin layi da zai amince cewa launin fata ba ya fifita wata al'umma a kan wata.

A rubuta kwanan wata a saman kowane kati, misali 18 ga Janairu 1919, ranar da aka buɗe taron, kuma kada wani abu da ya faru bayan ranar ya shiga ciki. In ɗalibi ya ambaci Hitler a tsakiyar muhawara, malami ya tambaye shi cikin ruwan sanyi ko wane ne wannan, tun da ba wanda ya san shi a zauren. Sau ɗaya ya isa kowa ya gane dokar.

Batutuwan da za a yanke kada su wuce huɗu: diyya, yawan sojan da za a bar wa Jamus, yankin Rhine, da ƙasashen da Jamus ta yi wa mulkin mallaka. Kowane batu a ba shi zaɓi uku a kan allo, abin da ya faru da gaske na cikinsu ba tare da alama ba. A kan soja, misali: a rushe rundunar baki ɗaya, a bar 100,000, ko a bar 400,000. In aka bar tambaya a buɗe, rabin lokacin zai tafi wajen ƙirƙiro mafitar da ba wanda ya kawo a 1919.

Darasi na farko: minti 5 na shimfiɗa, 10 na karanta kati, 10 na jera buƙatu a cikin tawaga, sai 15 na jawabai, kowace tawaga minti biyu, ban da Jamus. Darasi na biyu: minti 12 na kai-da-kawon 'yan aike, 5 na ƙuri'a, sannan a miƙa wa Jamusawa sakamakon a rubuce, a ba su minti 3 su mayar da martani, kamar yadda aka miƙa musu daftarin ranar 7 ga Mayu 1919 aka ce su amsa a rubuce. Minti 20 da suka rage na bita ne, kuma ba a taɓa su. In lokaci ya ƙure, a datse muhawarar.

A wajen bitar ne ake koyon tarihin. Da farko a fitar da yara daga rigar da suka shiga: a cire takardun suna, a mayar da tebura, kowa ya koma mazauninsa. Sannan a tambayi kowace tawaga abin da ta samu, abin da ta sarayar, da abin da ya tilasta mata. Sai bayan haka a buɗe abin da ya faru: soja 100,000, sashe na 231 da ya ɗora wa Jamus da ƙawayenta alhakin ɓarnar yaƙin, yankin Saar a hannun ƙungiyar ƙasashe na shekara 15, Togo da Kamaru an raba su tsakanin Birtaniya da Faransa. Ba a tsayar da adadin diyya ba sai 1921, lokacin da aka sa mak (kuɗin Jamus) biliyan 132 na zinariya. Buƙatar Japan kan launin fata ta sami ƙuri'a 11 cikin 17, amma Wilson ya ce sai kowa ya amince. An ba Japan Shandong, ɗalibai suka fito zanga-zanga a Beijing ranar 4 ga Mayu, Sin ta ƙi sa hannu. Majalisar dattawan Amurka kuma ta ƙi amincewa da yarjejeniyar. Tambayar da ta fi kowace amfani ita ce: a ina hukuncinmu ya saɓa da nasu, kuma me ke kansu da babu shi a kanmu? A rufe da rubutu na shafi ɗaya, kowane ɗalibi da muryarsa, ba da muryar wanda ya kwaikwaya ba.

Inda ake yawan samun matsala

Yara sun fi 'yan siyasa saurin sulhu. Cikin minti biyar sai su daidaita, kowa ya gamsu, domin ba wanda zai rasa kujerarsa. Maganinsa saƙon waya daga gida: a tanadi 'yan takardu tun da wuri, a tsakiyar tattaunawa a miƙa wa tawagar Faransa ɗaya mai cewa majalisa za ta tsige gwamnati in aka sassauta kan diyya. A gaya musu a wajen bita cewa malami ne ya rubuta saƙon, amma matsin da yake nunawa na gaske ne.

Masu baki su mamaye fili, wannan kuma kowane aji yana da su. A ba kowane ɗalibi tikitin magana uku. Duk wanda ya yi magana a zaure ya ajiye ɗaya, wanda nasa suka ƙare sai ya raɗa wa wani. Ba da maki ga tawagar da ta fi cin riba yana ƙara zafi, sai dai yana mayar da hankali kan cin wasa, don haka a ba da makin a kan rubutun ƙarshe. Kayan ado da kwaikwayon karin harshen wasu al'ummu a bar su: suna cin lokaci, suna kuma buɗe ƙofar izgili. Takarda mai suna a kan tebur ta wadatar.

Matsalar da ta fi waɗannan haɗari ita ce wasan da ya yi armashi amma ya koyar da abin da ba haka yake ba. Sau da yawa ana kwaikwayon taron Barlin na 1884 zuwa 1885 ta hanyar ba yara taswirar Afirka da alƙalami su yi ta ja mata layi. Ƙasashe 14 da suka zauna a gayyatar Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus, ba tare da wakilin Afirka ko ɗaya ba, ƙa'idoji suka tsara: 'yancin ciniki a yankin Kwango, zirga-zirgar jirage a kogunan Kwango da Neja, da sharaɗin cewa mai da'awar wani yanki na gaɓar teku ya sanar da sauran kuma ya kafa iko a can. Akasarin iyakokin an shata su ne daga baya, ta yarjejeniyoyi tsakanin ƙasa da ƙasa da kuma yaƙi. In za a yi wasan, a yi shi a kan ƙa'idojin. Abin da ɗalibi ya yi da hannunsa yana zama masa a rai fiye da abin da ya karanta, ko daidai ne ko kuskure.

Akwai kuma abin da ba a kwaikwaya sam. Cinikin bayi, kisan ƙare dangi da aka yi wa Yahudawa a Turai, na Ruwanda a 1994, da duk rikicin da iyalan ɗalibai ke ɗauke da tabonsa: ba a sa yaro ya zama bawa ko mai bulala, wanda aka kashe ko makashi. Ba zai ji abin da suka ji ba, ɗan ajin da abin ya shafa kuwa zai ji an mayar da ciwonsa abin wasa. Irin waɗannan a koyar da su da shaidar waɗanda suka tsira da takardun asali. Haka nan ba a sa ɗalibi ya fito a matsayin wanda wani addini ke tsarkakewa.

Ba kullum ake da darasi biyu ba. Kujerar tambaya minti 10 take ci: malami da kansa ya zauna a matsayin mutumin tarihi, ɗalibai su yi masa tambayoyin da suka rubuta tun farko, biyu biyu. Gara malami ya fara zama kafin ɗalibi, domin ɗalibin da aka ƙure sai ya ƙirƙiro amsa. Igiyar zamani kuma na gyara rashin sanin nisan lokaci: igiya mai mita 10, kowane santimita shekara biyu, ta ɗauki shekara 2,000. Ɗalibai su tsaya da katunansu a inda ya dace, hajjin Mansa Musa a 1324, faɗuwar Konstantinoful a 1453, sai su ga ƙarni na 20 gaba ɗaya rabin mita ne, yaƙin duniya na farko kuma santimita biyu.

Wanda ke neman kayan da aka riga aka shirya, Ian Dawson, wanda ya taɓa jagorantar Schools History Project da aka kafa a Leeds a 1972, ya tara ayyuka irin waɗannan kyauta a ƙarƙashin sunan Thinking History. Tsarin Reacting to the Past da Mark Carnes ya fara a Kwalejin Barnard na 'yan jami'a ne, wasanninsa na ɗaukar makonni, amma yadda ake rubuta katunansa abin koyi ne. Cikakken rubutun Yarjejeniyar Versailles yana cikin Avalon Project na Jami'ar Yale. Duk abin da aka aro sai an rage shi daidai da shekarun ɗalibai da yawansu. Bayan kowane wasa a rubuta a bayan ambulan kayan wace tawaga ce ta rasa abin faɗa da kuma wane batu ne ya ci lokaci fiye da kima, a gyara katin kafin a kai shi aji na gaba.