Kurakuran da ke kashe mana tsohuwar jif a ƙauye

Masu tsohuwar Prado da Pajero da Land Cruiser a nan yankin Haɗeja da Ringim, don Allah a saurare ni. Yawancin jif ɗin da za ka gani an jingine a gindin darbejiya zafin inji ne ya kayar da su, kuma sau da yawa da hannunmu muke jawowa.

Mota na fara zafi sai bakanike ya ce Alhaji a cire tamosta kawai, ai don ƙasar sanyi aka yi ta. Wallahi ba haka ba ne. Aikinta ta riƙe inji a zafin da ya dace da shi, wajen digiri 80 zuwa 90, in aka cire ta inji zai daɗe bai ɗumama ba musamman da hunturu, ya riƙa shan mai, ainihin ciwon kuma yana nan ba a taɓa shi ba. A duba lagireto ko ya toshe, a duba murfinsa da fanka da famfon ruwa tukuna. Ruwan rijiya ko na burtsatse da muke ɗurawa kullum shi ke tara gishiri da tsatsa a ciki har hanyoyin su cushe, gara a wanke lagireto a zuba kulan, wato ruwan da aka haɗa musamman don sanyaya inji. In allurar zafin inji ta haura ka tsaya nan take, kar ka ce bari in ƙarasa gida, kar ka buɗe murfi da zafinsa don zai ƙona ka, kar kuma ka sheƙa ruwan sanyi a kan inji. Prado mai injin dizal samfurin 1KZ ba ta da haƙuri a nan, zafi mai tsanani na iya tsaga kan injin. In ka ga farin hayaƙi, ruwa na raguwa babu yoyo, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, to gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya tafi, a daina tuƙa ta.

Wajen wuta kuma abin da ya fi damuna shi ne fiyus ya ƙone a naɗa masa waya. Fiyus ɗin nan fa shi ke kare wayoyin mota, ka samu mai rewaya ya nemo inda waya ta goge, sannan a sa wani mai lamba iri ɗaya. A duba ɓarnar ɓera ma in kusa da rumbu motar ke kwana. Haka masu cire kan batir mota na a kunne wai suna gwada caji, wannan na iya ƙona biren bos, wato kwamfutar mota. Mita ake sawa, batir mai lafiya wajen bolt 12.6 a kashe, in an tayar 13.5 zuwa 14.5.

Sai giyar yashi. Motar da sai ka sa mata 4WD da hannunka, da ka fito daga rairayi ka hau kwalta ka cire, in ba haka ba ƙarafunan ƙasa za su ɗaure, taya ta cinye. Da damina in ka ratsa ruwa a fadama a duba man aksul, in ya yi fari ruwa ya shiga, a canja. In ta mutu a tsakiyar ruwa kar a tayar, a jawo ta.

Taimin bel kuwa, wato bel ɗin da ke daidaita buɗewa da rufewar bawul a inji, ba a jira ya tsinke, wajen kilomita 100,000 ake canja shi a yawancinsu. In ta hannu ka saya ba ka san tarihinta ba, ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ka nemi na asali a canja tun yanzu.