Yadda Za a Faɗakar da Zango kan Sauyin Yanayi ta Hanyar Ƙissa da Tatsuniya

Wanda zai yi wa mutanen unguwannin Nima, Mamobi ko Sabon Zango da ke Accra, Ghana, bayani a kan sauyin yanayi, ya fara da sauraron yadda suke ba da labarin ambaliya, domin labarin da mutum ya riƙe shi ke nuna ko zai tashi tsaye kafin damina ko zai naɗe hannu. Idan dattijo ya ce ƙaddara ce ta kawo ambaliyar 3 ga Yuni, 2015, wadda ta haɗu da gobarar gidan mai a shataletalen Kwame Nkrumah Circle har mutane fiye da 150 suka rasu, kada a musa masa. Gaskiya ya faɗa, sai dai a ƙarasa masa zancen.

Ƙissar Annabi Yusuf (AS) ce ta fi dacewa da wannan aiki. Da ya fassara mafarkin sarki ya ga shekara bakwai na fari suna tafe, bai ce a zauna jira ba, sai ya ba da shawarar a adana hatsi a cikin zangarniyarsa. A roƙi liman ya kawo ta a huɗuba cikin Afrilu, kafin ruwan Mayu da Yuni ya kankama, ya kuma bayyana cewa iska mai ɗumi ta fi ɗaukar danshi, shi ya sa ruwa mai yawa ke sauka cikin ɗan lokaci.

Yara kuwa Gizo za a kawo musu. A ce ƙiwuya ta sa yana zuba ledojin ruwa a gota (magudanar ruwa) da dare don kada Ƙoƙi ta gani, sai ruwa ya fara shiga ɗakinsa, tabarma da tukunyar tuwo suna yawo a tsakar gida. A bar yaran su faɗi inda ledar za ta bi, daga babbar gotar Nima zuwa kogin Odaw har tafkin Korle.

A ganina, kuskure mafi muni shi ne a ɗora wa talaka laifin duka, alhali hayaƙin manyan ƙasashe masu masana'antu da sakacin yashe magudanan ruwa suna da babban kaso, kuma dole labarin ya ambace su.

Kada a watse sai an tsayar da Asabar ɗin da za a fito da shebur da baro, an kuma zaɓi waɗanda za su kai wa ɗan majalisar unguwa koken yashe gota.